Manhajar Matar Kafinta da Rigimar Maɓalli Biyu

Gwaggo mai fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya ƙare. Ina cikin farin cikin da ban taɓa shiga irinsa ba, kuma a tsakiyar farin cikin ne wata rigima ta tsiro mini a gida, har ta kai ni da yayata muna gaisawa sama-sama. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye. Haka nake idan abu ya cika mini ciki. Maigidana cewa yake ba na iya ba da labari sai na faro shi daga ranar da aka haife ni.

Ni matar kafinta ce. Mijina kabad ɗin kicin yake yi, da wadrob, da teburan ofis. Shagonsa na bayan gidanmu, katanga ɗaya ce tsakani, saboda haka ƙarar injin yanka ita ce rediyona, garin katako kuwa har a kan shanyata nake kakkaɓe shi. Abin da ya daɗe yana ci mini rai shi ne yadda zai zauna a kan benci, fensir a bayan kunne, ya juya bayan kwali ya yi ta zane yana gogewa, yana neman yadda zai fitar da ƙofofi da gefuna da kantoci daga allon katako ba tare da ya yi ɓarna ba. Shayin da na kai masa ya huce, abinci ya sandare, shi yana nan yana lissafi. Duk da wannan wahalar, a kusurwar shagon akwai tulin guntaye: sun yi ƙanƙanta a yi aiki da su, sun kuma yi kyau a zubar.

Ni kuwa tun ina makaranta lissafi ne abin sona, aure da goyo ne suka sa na jingine shi. Da autana ya fara zuwa makaranta, gida ya yi tsit da safe, sai na shiga wani aji na ƙarshen mako inda ake koyar da rubuta manhajar kwamfuta. Yayata, wadda nake bi, ita ce ta riƙa kwashe mini yaran duk ranar aji, ga ta da nata aikin ofis da nata gidan. Ki riƙe wannan a ranki, Gwaggo, don shi ya sa abin yake yi mini ciwo. Maigida kuma ya samo mini laftof 'yar gwanjo, wasu haruffan ma sun goge, sai da na bi su da alƙalami.

Da malaminmu ya ce kowa ya nemo wata matsala ta gaske ya warware ta, ban yi nisa ba, katanga kawai na leƙa. Na haɗa manhajar da za a ba ta girman allon katako, a ba ta awon duk guntayen da ake so, ita kuma ta zano yadda za a jera su a yanka. Gwajin farko abin dariya ne. Na manta cewa bakin zarto ma yana cin nasa rabon duk inda ya bi, sai ƙofofin suka fito da ɗan gajarta, kowace da 'yar kafa kamar mai wushirya. Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai gwale ni ba. Ya zaunar da ni ya nuna mini kaurin bakin zarton, ya kuma nuna mini cewa katako yana da jijiya, idan aka yanka ƙofa ɗaya jijiyarta na kwance, 'yar uwarta na tsaye, wanda ya ba da aikin zai gani tun daga bakin ƙofa. Na koma na gyara, na sake gyarawa.

Sai ga aikin wani babban kicin. Ya yi lissafinsa na kwali kamar yadda ya saba, ni ma na yi nawa, ya ce bari a bi nawa a gani. Gwaggo, da aka gama yanka, allo guda ya rage a jingine, ko tabo babu. Mutumin nan da ba ya yawan magana ya fita ya kirawo kafintocin layin, yana nuna musu allon yana nuna musu takardar da na buga, yana cewa aikin uwargida ne. Ina bayan labule ina jin su. Tun daga ranar suke zuwa ɗaya bayan ɗaya da awonsu. Yanzu kuma ƙungiyarsu ta aiko cewa in zo taronsu na ƙarshen wata in nuna musu a babban allon majigi. Ni da ko a ajinmu ba na ɗaga hannu. Na riga na ɗinka abin da zan sa, ina kuma yi wa madubi jawabi idan yara sun tafi makaranta.

To ga inda matsalar ta fito. Domin wasu su iya amfani da manhajar a kwamfutocinsu, na dunƙule ta ta zama fayil guda wanda ake dannawa ya buɗe. Ina gwada shi, sai manhajar kariya, wannan da ke zuwa a cikin kwamfuta tun daga kamfani, ta nuna ba ta san shi ba. Ta ɗan riƙe shi, sannan wani saƙo ya fito game da aika fayil don a bincika. Ban ɗauke shi da zafi ba. Amma a daidai lokacin ƙanin mijina yana falo yana cin abincina kamar yadda ya saba. Wayoyi yake sayarwa yana gyarawa, kuma a gidanmu Jami'i muke kiransa, wato jami'in tsaro, saboda bai yarda da kowa ba. Kyamarar wayarsa ma a liƙe take da salatif. Ya ajiye cokali, ya karɓe laftof ɗin, ya shiga saiti ya nuna mini maɓalli biyu. Ɗaya an rubuta kariya ta gajimare, wato wadda ke tuntuɓar manyan kwamfutocin kamfanin ta intanet. Ɗayan kuma na aika samfurin fayil kai tsaye. Ya ce mini, da ido a zare, ga ƙofar da za a bi a kwashe wahalata, wata rana in ga manhajata da sunan wani a kai, ni kuwa ina nan ina kakkaɓe garin katako. Ya kashe su duka biyun.

Gaskiya hankalina ya tashi, domin ba manhajar kaɗai ke cikin kwamfutar ba. Akwai hotunana da na 'yan matana na cikin gida, irin waɗanda ko a waya ba na turawa. Akwai takardun asibitin surukata da na ɗauka don kada su ɓace. Akwai kuma hotunan ɗakunan kwanan mutane da kicin ɗinsu, da zanen gidajensu mai nuna inda ƙofa take da inda taga take, waɗanda suke turo wa maigida don ya yi awo. Amanar mutane ce. Da Jami'i ya ce duk waɗannan suna iya tafiya, sai na ji kamar na bar ƙofar ɗakina a buɗe a bakin kasuwa. Na gode masa, har na ƙara masa nama.

Daga ranar sai wata alama ruwan ɗorawa ta tsaya a kusurwar fuskar kwamfutar, kamar mai harara. Ranar da Yaya ta kawo mini ziyara ina nuna mata jawabina, idonta ya faɗa a kai. Ita sakatariya ce a wani kamfanin sufuri, kuma ta taɓa ganin tashin hankali: wata safiya suka zo aiki suka tarar an kulle musu duk fayil ɗinsu, saboda wani ya buɗe takardar da aka turo masa. Ta ce ta ga manya suna zufa a ɗakin da ke da sanyi, aikin shekaru ya tafi. Ta ce ni da kafintoci ke kawo wa filashi daga ko'ina, wasu daga shagon buga takardu, wasu daga hannun 'ya'yansu, in kashe kariya? Ba ta jira amsata ba, ta mayar da maɓallan ta kunna.

Tun daga nan kwamfutata ta zama filin kokawa. Jami'i ya zo ya kashe, Yaya ta zo ta kunna. Ni da kaina sai na duba kusurwa kafin in san wanda ya zo gidan a bayana.

Abin da ya ƙara dagula lissafin, wata rana da maɓallan suke a kashe, wani abokin maigida ya kawo filashi da awon wadrob a ciki. Ina sakawa kwamfutar ta yi ƙara, ta ce ta kama wani mugun fayil ta killace shi. Na zaci wannan zai raba gardama, ashe kowa hujja ya samu. Jami'i ya ce kin gani, ko ba gajimare tana kamawa, to me ake nema da shi? Yaya ta ce sa'a na ci, tsohuwar cuta ce da aka riga aka sani, ranar da sabuwa ta zo fa? A falona suka haɗu ranar, abinci a gabansu. Ta ce masa mai liƙe kyamara da salatif ba zai koya mata tsaro ba. Ya ce ai ofishin da aka kulle wa fayil ba shi ne makarantar koyon tsaro ba. Yaya ta ɗauki jakarta ta fita, ko rakiya ba ta tsaya na yi mata ba. Ni kuma, maimakon in yi magana, dariya ce ta kuɓuce mini lokacin da ya faɗi tasa, kuma na san ta gani.

Na kai ƙara wurin maigida, ya ce shi katako ya sani, wannan fagena ne, duk abin da na yanke ya yi. Na san yabo ne, amma a ranar ji na yi kamar ya sakar mini kaya a ka. Malaminmu kuma ya yi tafiya, ba na son in dame shi.

Yanzu Jami'i ya naɗa kansa shugaban tsaro na kamfanin da ba a ma kafa ba. Ya ce shi zai riƙe laftof ɗin ranar taro, kuma kada in bari kowa ya matso kusa. Ban ma gaya masa cewa na riga na zuba wa wasu abokan maigida manhajar a filashinsu ba, don murna ta hana ni cewa a'a, kuma ina son su gwada su faɗa mini inda take da gyara. Yaya kuwa idan na kira ta, lafiya lau kawai take cewa, ba ta ko tambayar taron, alhali ita nake so ta zauna a layin gaba.

Gwaggo, wa ke da gaskiya a cikinsu? Me kwamfutar nan take aikawa, kuma wa take aika wa? In kunna in yi kasadar sirrina da wahalata, ko in kashe in yi kasadar rasa komai? Kuma yaya zan yi in shawo kan yayata ba tare da na kunyata ƙanin mijina ba, tunda shi ma don ni yake yi?

Taki,
Matar Kafinta Mai Ɗokin Taro

*

'Yata Matar Kafinta,

Kafin komai, barka. Na karanta wasiƙarki ina murmushi tun daga ƙofofi masu wushirya har zuwa allon da ya rage. Kin ga wahalar mijinki, kin koyi ilimin da zai rage masa ita, ya kuma fita ya faɗi sunanki a gaban abokan sana'arsa. Kada rigimar maɓalli biyu ta rage miki daɗin wannan.

Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, saboda haka na ɗauki tambayarki, ban da sirrinki, na kai wa wata ƙawata da aikinta ke nan, tsaron kwamfutocin ma'aikatu. Na sa ta yi mini bayani har sai da na gane, ga shi kuma yadda na fahimta.

Abubuwa uku ne a nan, ku kuma kun haɗe su kun mayar da su ɗaya. Na farko shi ne kariyar da ke cikin kwamfutar kanta, wadda ke duba duk fayil ɗin da ya shigo ta gwada shi da jerin miyagun da ta riga ta sani. Ita ce ta kama abin da ke cikin filashin nan, kuma ita kam kada wanda ya taɓa ta. Na biyu shi ne kariya ta gajimare. Idan ta farko ta ga baƙon da ba ta gane ba, sai ta tambayi kamfanin ta intanet ko sun san shi. A wannan tambayar ba fayil ɗin ne ke tafiya ba, bayaninsa ne: sunansa, girmansa, wata lamba da ke bambanta shi da sauran, inda yake zaune, da ɗan bayani game da kwamfutar. Na uku shi ne aika samfur, wato a ɗauki kwafin fayil ɗin da ake zargi a tura don a bincika. Bisa ga abin da masu irin waɗannan manhajoji suke bayyanawa, abin da aka fi turawa kai tsaye shi ne fayil mai aiki da kansa, irin naki da ake dannawa ya buɗe; wanda kuwa ake jin yana ɗauke da bayanan mutum, sai an nemi izini. Ba a ƙera abin don ya bi hotunanki ɗaya bayan ɗaya yana kwasa ba.

Yanzu bari in ba kowa haƙƙinsa. Jami'i bai yi ƙarya ba da ya ce wani abu yana fita. Yana fita, kuma ni ban taɓa shiga ɗakunan kamfanin na ga yadda suke ajiye shi ba, ƙawata ma ba ta taɓa ba. Akwai yarda a cikin lamarin, kuma wanda ya tambayi iyakar yardar nan ba wawa ba ne. Ko sunan fayil ma yana iya tona abu, idan kin sa masa cikakken sunan mutum da cutar da ke damunsa. Inda ya zarce shi ne girman tsoron. Yaya kuma ta fi shi kusa da hatsarin da ke bakin ƙofarki. Sabbin cututtukan kwamfuta kullum ake ƙirƙiro su, jerin da ke cikin kwamfutarki kuwa yana iya zama a baya, kuma wannan giɓin ne tambayar gajimare take ragewa. Ke da filashin mutane ke shiga kwamfutarki safe da yamma, kina cikin waɗanda suka fi bukatarta. Ki kuma lura: idan mugun fayil ya shiga, hotunan 'yan matanki da zanen gidajen mutane da kike jin tsoro a kansu, su ne farkon abin da zai faɗa hannun wanda bai yi wa kowa alƙawarin komai ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki kunna kariya ta gajimare ki bar ta a kunne. Na aika samfur kuwa, idan ranki bai kwanta ba, ki saita shi yadda sai an tambaye ki kafin a tura. A yawancin kwamfutoci kashe na kai tsaye shi ke sa a riƙa tambayar. Ki sani wannan yana ɗan rage saurin tare sabon mugu, kuma alamar nan mai harara tana iya ci gaba da fitowa. Farashin ke nan, ba mai yawa ba ne, amma ki biya shi da saninki. Idan tambayar ta fito, ki karanta sunan fayil ɗin. Baƙo ne da ya shigo ta filashi ko ta saƙo? Ki bari ya tafi. Takardar gida ce ko ta abokin ciniki? Ki ce a'a.

Idan kariyar tana tare miki manhaja duk lokacin da kika yi gyara, akwai wurin da ake ware folda guda a ce kada a duba ta. Ki ware wadda kike aiki a ciki kaɗai, kuma kada ki taɓa zuba abin da ya zo daga waje a cikinta, ko na wane ne.

Sai maganar da nake jin ba ki lura da ita ba. Kin ce kin zuba wa abokan maigida manhajar a filashinsu. To, 'yata, da zarar sun danna ta a kwamfutocinsu, waɗanda maɓallansu ke kunne kamar yadda suka zo, fayil ɗin nan yana iya kai wa kamfanin ko kin so ko ba ki so ba. Kashe naki bai ɓoye shi ba. Ƙawata ma cewa ta yi wannan ba abin baƙin ciki ba ne: masu rubuta manhaja da yawa da kansu suke miƙa fayil ɗinsu a bincika a wanke shi, don kada a riƙa tare shi a kwamfutocin masu saye. Abin da ya kamata ki riƙe gam shi ne asalin rubutun, wanda kika zauna kika tsara layi-layi. Fayil ɗin da kika dunƙule ba ya nuna shi a sarari, ko da yake gwani mai naci yana iya tono wani abu daga ciki. Kuma idan wani zai kwafi aikinki ya raba, ya fi yiwuwa ta hannun filashin da ke yawo a layinku ne, ba ta wani kamfani mai nisa ba. Ban ce kin yi laifi ba, gwaji dole ne. Amma ki sa sunanki a fuskar manhajar inda kowa zai gani, ki san wa da wa kika ba, ki gaya musu a fili cewa ta gwaji ce ba ta rabawa ba, ki kuma adana kowane tsohon kwafi da kwanan watansa. Idan malaminku ya dawo, ki tambaye shi yadda ake yi wa irin wannan aiki rajista a inda kike.

Abu ɗaya da su biyun suka manta suna ta gardama: ajiya ta biyu. Ki samu wata ma'ajiya ta daban ki kwafe asalin rubutunki da takardu masu muhimmanci, ki cire ta daga jikin kwamfutar ki sa a durowa, kina sabunta ta lokaci-lokaci. Hotunan cikin gida ki mayar da su can gaba ɗaya, ba su da aiki a kwamfutar da za ta je taro. Hotunan ɗakunan mutane kuma, duk aikin da aka gama aka miƙa, a goge su. Abin da ba ya nan, ba mai iya ɗaukarsa.

Kafin ranar taro ki gwada manhajar a kwamfutar da ba taki ba, ki ga irin gargaɗin da zai fito, don ki iya yi wa kafintocin bayani da bakinki ba tare da kin daburce ba.

Yanzu ga mutanenki. Ki sa wa kwamfutar kalmar sirri wadda ke kaɗai kika sani. Kayan sana'arki ce, kamar yadda ba mai shiga shagon maigida ya sauya masa saitin inji don yana ƙaunarsa. Da ya ce fagenki ne, ba kaya ya sakar miki ba, matsayi ya ba ki, ki karɓa. Jami'i kuwa kada ki kwance masa rawani a gaban mutane. Ki gaya masa abin da kika yanke da dalilinki, ki nuna masa cewa maganarsa ce ta sa kika kwashe hotuna kika kuma sa ake tambayarki kafin a tura. Ki ba shi aikin da ya iya: ya haɗa wayoyin babban allo, ya tabbatar da wuta da caji, ya tsare kada kowa ya soka filashi ranar. Laftof ɗin dai a gabanki za ta zauna.

Yaya kuma ba maɓalli ne ya ɓata mata rai ba. An yi mata ba'a da abin da ya taɓa firgita ta, a gidan ƙanwarta, ƙanwar kuma ta yi dariya. Wannan ba a waya ake gyara shi ba. Ki shirya ki je gidanta, ki ba ta haƙuri a kan dariyar ba tare da kin kawo uzuri ba, ki gaya mata kin bi shawararta a kan babban maɓallin. Sannan ki roƙe ta ta saurari jawabinki ta gyara miki, tunda ta saba da taron ofis. Babbar yaya ba ta cika daɗewa da fushi ba idan aka nuna mata har yanzu ana bukatarta.

Ki je taron nan da ƙarfin gwiwa. Ki yi magana a hankali, ki bar su su kawo awonsu ki yi musu a gabansu, idan kuma aka yi miki tambayar da ba ki san amsarta ba, ki ce za ki bincika, ba abin kunya ba ne. Allah ya sa albarka a wannan aiki, ya tsare miki shi, ya daidaita tsakaninki da 'yan uwanki, ya sa sauran matan da ke zaune da ilimi a jingine su ji labarinki su tashi.

Gwaggonki